Hoton da Ke Cikin Wayarka Ba Shi Aka Ɗauka Ba: Yadda Ake Rage Hotuna da Ajiye Su a Intanet

Gabatarwa

Idan aka yi hawan Sallah a Azare, kafin Mai Martaba Sarkin Katagum ya sauka daga kan doki hotunan hawan sun riga sun isa Gamawa da Udubo, har da wajen 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Legas da Jidda. Kowa ya buɗe wayarsa ya ga dawaki da 'yan bindiga da dogarai, ya ɗauka hoton da mai kyamara ya ɗauka ne ya zo masa. Alhali kuwa ba shi ba ne. Abin da ya iso wayar ƙaramin kwafi ne da wata kwamfuta ta yanka daidai da faɗin fuskar wayar, ta matse shi, sannan aka ajiye shi a wani wuri domin mai nema na gaba. Wannan ɗan bayani zai duba waɗannan ayyuka guda biyu, wato ragewa da ajiyewa, da kuma inda suka shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a daidaita kalmomi. Kwamfutar da ke riƙe da shafi tana miƙa shi ga duk wanda ya nema, masu sana'ar suna ce mata saba, wasu marubuta kuma suna ce mata uwar garke. Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, uwar garke ta fi zauna mini, domin saba tana karo da aikatau ɗin nan na sabo, kuma a rubuce ƙugiya kaɗai ta raba ta da saɓa. Manhajar da ake buɗe shafi da ita kuwa, irin su Chrome da Opera, burauza za mu ce, tun da haka ta shiga bakin mutane.

Me ya sa sai an rage hoto?

Hoto a kwamfuta tarin ɗigo ne, kowane ɗigo da launinsa, kamar zaren da masaƙi ya jera. Wayar da kyamararta ke ɗaukar ɗigo miliyan 12 tana fitar da hoto mai ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. Da za a ajiye shi ɗanye, kowane ɗigo na cin bait 3, ke nan nauyinsa ya kai megabait 36. Wayar da kanta takan matse shi ya dawo wajen megabait 3 ko 4. To amma yawancin ƙananan wayoyin Tecno da Itel da Infinix da ke hannun mutanenmu, faɗin fuskarsu ɗigo 720 ne. Hoton da zai cika wannan faɗin ba ya buƙatar fiye da 720 a kwance da 540 a tsaye, wato ɗigo 388,800, kusan kashi ɗaya cikin 31 na asalin. Sauran kashi 30 ɗin, ko an turo su, wayar zubar da su za ta yi. An sayi buhu domin a ci kwano ke nan.

Ga mutumin da ke Landan wannan ɓarna ba za ta dame shi ba. Ga ɗalibin da ke Gamawa kuwa magana ce ta aljihu, balle tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. A yi lissafi: gigabait ɗaya zai ƙare a kan hotuna 250 idan kowanne megabait 4 ne. Idan kuwa an rage kowanne ya koma kilobait 80, gigabait ɗin nan zai nuna hotuna 12,500. Ban da kuɗi akwai jira. Wanda ya taɓa tsayawa a gefen gari inda sabis ke hawa yana sauka, yana kallon hoto na buɗewa daga sama layi-layi, ya san bambancin.

Aikin uwar garke

Abin da ake yi shi ne, mai shafi ya ajiye asalin hoton guda ɗaya, kamar turmin atamfa a wajen tela, duk wanda ya zo a yanka masa daidai awonsa. Awon kuwa a cikin adireshin hoton ake rubuta shi. Mai karatu zai iya gwadawa da kansa. Ya buɗe wani labari a shafin BBC Hausa ya duba adireshin hoton da ke sama, zai ga ya fara da kalmar ichef, a tsakiyarsa kuma akwai lamba irin su 480 ko 640 ko 800. Wannan lamba ita ce faɗin hoton. Haka abin yake a Wikipedia ta Hausa, inda sunan ƙaramin hoto ke farawa da abu kamar 250px. Shafin yakan ba burauza jerin awo da dama, ita kuma ta zaɓi wanda ya dace da fuskar na'urar da take ciki. Shi ya sa mutum biyu za su karanta labari ɗaya, ɗaya a waya ɗaya a kwamfutar ofis, amma hoton da ya je wa kowannensu daban ne.

Da buƙata ta iso, uwar garke sai ta ɗauko asalin, ta warware shi ya koma ɗanyen ɗigo, ta haɗa ɗigo da maƙwabtansa ta fitar da matsakaicin launinsu har adadin ya ragu zuwa yadda aka nema. Idan ana son hoto mai kusurwa huɗu daidai, kamar na fuskar mai shafi, sai ta datse gefe. Wasu manhajoji ma sukan fara neman inda fuskar mutum take kafin su datse, domin kada a sare wa mai rawani kai. Thumbor, wadda kamfanin watsa labarai na Globo a ƙasar Birazil ya ƙirƙira, tana yin haka, kuma da ita Wikipedia ta koma yin ƙananan hotunanta a shekarar 2017. Akwai wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, wato ImageMagick, da aka fitar wa jama'a tun 1990.

Bayan ragewa sai matsewa, kuma a nan ne ake asarar da ido bai cika lura da ita ba. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yakan raba hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a kwance da 8 a tsaye, ya watsar da ƙananan bambance-bambancen da ke cikin kowane gida. Ya kuma dogara da wata ɗabi'a ta idon ɗan Adam: mun fi ganin bambancin haske da duhu a kan bambancin launi. Saboda haka yakan riƙe bayanin haske cikakke, ya rage na launi. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta. A 2010 kamfanin Google ya fito da WebP, wanda ya ce yana fin JPEG sauƙin nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin 100, sannan AVIF ya biyo baya a 2019. Duk lokacin da burauza ta nemi hoto takan sanar da irin tsarin da ta iya karantawa, uwar garke kuma ta ba sabuwar waya sabon tsari, tsohuwa ta ba ta JPEG.

Wani abu da akan cire a hanya shi ne bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto a ɓoye: sunan waya, ranar ɗauka, wani lokaci har da daidai wurin da aka tsaya. Cire su rufin asiri ne ga mai hoto. Sai dai a cikinsu ne alamar da ke nuna ina ne saman hoton take. Idan mai shafi ya cire ta ba tare da ya fara juya hoton ba, sai ka ga mutum a kwance a katin shaidarsa.

Daga nan za a gane cewa shafukan rajistar makarantu da na neman aiki da ke cewa kada hoton fasfo ya wuce kilobait kaza, aikin uwar garkensu ne suka ɗora wa mai nema. Abin da kwamfuta za ta gama kafin ƙiftawar ido shi ne ke sa ɗalibi ya biya kuɗin mota zuwa Azare ya bi layi a shagon kwamfuta. A ganina wannan ragwanci ne na masu gina shafi, domin manhajojin da aka ambata a sama duk kyauta ne.

Opera Mini da Facebook Lite

Mutanen Arewa sun daɗe suna cin moriyar wannan dabara ba tare da sun san sunanta ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, kuma ga mutane da yawa ƙofar farko ta shiga intanet ita ce Opera Mini a kan ƙaramar Nokia. Wani kamfanin ƙasar Norwe ne ya fitar da ita ga duniya a farkon 2006. Sirrinta shi ne wayar ba ta zuwa shafin da kanta. Takan aiki uwar garken Opera, ita ta je ta ɗauko shafin, ta rage hotunan, ta matse komai, sannan ta turo ɗan abin da ya saura. Kamfanin ya ce ragin kan kai kashi 90 cikin 100. Waɗanda suka yi zamanin za su tuna wurin da ake zaɓar ingancin hoto, ƙasa ko tsakiya ko sama, ko ma a kashe hotunan gaba ɗaya idan kati ya kusa ƙarewa. Facebook Lite da ya fito a 2015 shi ma wannan hanya ya bi: manhajar da ke cikin waya ƙarama ce, nauyin aikin yana can wajen kamfanin, kuma hoto yakan zo ne daidai awon fuskar wayar da ta nema.

Tulu da randa da rijiya

Rage hoto aiki ne mai cin ƙarfin kwamfuta. Idan mutum 50,000 suka buɗe hoton hawan Sallah ɗaya, wauta ce a yanka shi sau 50,000. Sai a yanka sau ɗaya a ajiye. Wannan ajiya ita masu sana'ar ke kira kash, mu kuma za mu ce ma'ajiyar wucin gadi, kuma hawa-hawa ce kamar ruwan gida. Mai ƙishi yakan fara duba tulun da ke ɗaki. Idan babu ya je randa a tsakar gida. Sai randa ta ƙafe ake ɗaukar guga a nufi rijiya.

Tulu shi ne ma'ajiyar da ke cikin wayarka. Hoton da ka gani jiya, idan ka sake buɗe shafin yau, burauza ba ta kashe maka ko kwabo a kansa. Shi ya sa idan waya ta cika aka ce ka share kash, sai ka ga data ta fi saurin tafiya a kwanakin da suka biyo baya, domin komai sai an sake ɗebo shi. Randa kuwa ita ce kwamfutocin da ake girkewa a birane daban-daban domin su riƙe kwafi kusa da masu nema. Kamfanin Akamai ya fara wannan kasuwanci a 1998, daga baya irin su Cloudflare suka shigo, kuma Cloudflare na da na'urori a Legas. Google da kamfanin Facebook su ma sukan ajiye nasu a cikin gidajen kamfanonin sadarwa. Rijiya ita ce uwar garke ta asali.

Amfanin randa yana fitowa ne idan aka dubi nisa. Saƙo yana gudu a cikin wayar gilashi da saurin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 ta bi ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal, tsawon kilomita 7,000. Zuwa da dawowa kaɗai ya ci kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa, ban da fiye da kilomita 1,000 da ke tsakanin ƙasar Katagum da Legas, ban da tsaye-tsayen hanya. Ɗan lokaci ne, amma shafi ɗaya kan yi irin wannan aike sau da yawa kafin ya gama buɗewa. Wikipedia misali ce mai kyau. Manyan rijiyoyinta biyu suna Amurka, a jihohin Bajiniya da Tekzas, randunanta kuma suna Amstadam da San Faransisko da Singafo da Marsel da Sawo Fawlo. Ta Marsel da ke kudancin Faransa an buɗe ta a 2022 domin ta kusanci masu karatu na Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ke nan hoton da ɗalibi ya ɗauka a Azare ya ɗora a maƙalar garin, sai ya je Amurka an yanka shi, ya kwana a Turai, kafin maƙwabcinsa ya gani.

Haɗarin dogara da randar da ke ƙetare ya bayyana ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijeriya. Abin da aka ajiye a cikin gida ba ya buƙatar ƙetare teku. Dalilin kafa cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, a 2006 ke nan, domin kamfanonin cikin gida su riƙa miƙa wa juna saƙo kai tsaye, kuma tana da reshe a Kano.

Randa ba ta cika da kanta. Mutumin farko da ya nemi hoto da wani awo shi ke shan jira, domin dominsa ake zuwa rijiya. Na bayansa duk a randa za su sha. Idan wuri ya ƙure kuma, akan zubar da abin da ya fi daɗewa ba a nema ba. A nan akwai abin da ya shafi harsuna irin namu: shafin da masu karanta shi ba su da yawa ya fi saurin fita daga randa, saboda haka mai buɗe maƙalar Hausa a kan wani ƙaramin gari ya fi mai buɗe labarin ƙwallon Ingila yiwuwar zama na farko.

Idan ruwa ya kwana

Matsalar ajiya ita ce tsufa. Mutum ya sauya hotonsa, amma abokansa na ci gaba da ganin tsohon, domin tulunsu da randar garinsu ba su ji labari ba. Akwai hanyoyi biyu da ake bi. Ta farko, uwar garke ta liƙa wa hoto wa'adi, ta ce a riƙe shi na awa ɗaya ko kwana ɗaya. Idan wa'adin ya cika burauza sai ta tambaya ko an sauya, idan ba a sauya ba a amsa mata da 'yar gajeriyar amsa mai lamba 304, ba sai an sake turo hoton ba. Ta biyu, wadda ta fi wayo, ita ce duk sabon hoto a raɗa masa sabon suna. Tun da adireshi ne ma'ajiya ke dubawa, sabon suna sabon abu ne a wajenta. Wannan ne ya sa sunayen hotuna a intanet suke zama jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana, kuma shi ya sa ake iya ba su wa'adin daƙiƙa 31,536,000, wato shekara guda cur.

Haka kuma dole mai shafi ya ƙayyade awon da zai yarda a nema. In ba haka ba, mugu zai iya neman hoto ɗaya da faɗin 501, da 502, da 503, har uwar garke ta gaji ta faɗi.

Inda abin ya shafi ɗalibin harshe

Da yawa daga cikinmu za su fita aikin bincike, su ɗauki hoton takardun ajami a wajen malaman zaure, ko allunan shaguna, ko tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duk abin da aka faɗa a sama an tsara shi ne domin fuskoki da dawaki da sararin sama, inda ɓacewar ɗigo kaɗan ba ta sauya komai. A rubutu kuwa ɗigo ɗaya harafi ne. A irin rubutun da ake yi a ƙasar Hausa, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wasalin e ɗigo ne a ƙarƙashin baƙi. Idan aka haɗa ɗigo da maƙwabtansa aka fitar da matsakaici, irin waɗannan ne ke fara narkewa cikin launin takarda. Sannan a tuna maganar launi da aka ce a riƙe. Malamai da yawa da jar tawada suke sa wasali, JPEG kuwa launi yake fara ragewa, saboda haka baƙaƙen na iya fitowa sarai wasulan su dushe. A boko ma haka ne: a ƙaramin hoto da wuya a raba ɓ da b ko ƙ da k, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakanin ƙafa da kafa.

Manyan ɗakunan karatu sun magance wannan da dabarar nan dai ta yanka a uwar garke, amma ta wata fuska. A 2012 aka fitar da wani tsari mai suna IIIF, wanda Jami'ar Stanford da ɗakin karatu na Bodleian da ke Oksfod da na ƙasar Faransa suna cikin waɗanda suka assasa shi. A wannan tsari adireshin hoto yana faɗin yankin da ake so, da girmansa, da juyinsa. Mai bincike zai fara ganin shafin gaba ɗaya a ƙaramin kwafi. Idan ya matso da wani layi, sai a yanko masa wannan gurbin kaɗai daga asalin, da cikakken ɗigonsa. Bai sauke megabait 40 ba, kuma bai rasa wasali ko ɗaya ba. Sharaɗin dai shi ne asalin yana nan a ajiye, domin daga babba ake fitar da ƙarami, ƙarami ba ya komawa babba. Manhajojin da ke cewa suna gyara dusasshen hoto cike gurbi suke yi da hasashe, kuma hasashe a kan ɗigon ajami ƙirƙirar karatu ne.

Saboda haka hoton takarda da aka sauke daga Facebook kwafi ne da aka riga aka matse, idan aka sake ɗora shi kuma a sake matse shi, asara kan asara. A Wikipedia, idan aka latsa hoto aka bi shi zuwa shafinsa, akwai mahaɗin da ke kai mutum ga asalin fayil ɗin. WhatsApp kuwa nasa daban ne. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, uwar garkensa ba ta ganin hoton balle ta yanka shi, don haka wayar mai aikawa ce ke rage shi kafin ya tashi. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 yana sassauta ragin ne kawai. Wanda zai tura wa malaminsa shafin ajami ya tura shi ta wajen da ake aika takardu, ba ta wajen hotuna ba, a nan ne fayil ke isa yadda kyamara ta ɗauke shi.